Motar Tsere Da Ke Ƙin Bin Sitiyari

A kan titunan birnin Monako, inda aka soma tseren motoci a 1929, akwai wata kwana mai lanƙwasa kamar ƙugiya a ƙofar wani babban otal. Duk cikin gasar Formula 1 babu inda ake rage gudu kamar nan, gama sai direba ya sauko wajen kilomita 50 a sa'a. A irin wannan wuri ne wani aibi na mota yake bayyana, watau direba ya murɗa sitiyari amma gaban mota ya ƙi juyawa, tayoyin gaba su riƙa zamewa waje.

Wanda bai san kan al'amarin ba zai ce a ƙara karkata fiffiken gaba, tun da shi ne ke sa iska ta danne tayoyi a ƙasa. Amma dannawar iska tana tare da gudu. In gudu ya ragu da rabi, saura rubu'inta ke nan. Motar da ta sauko daga kilomita 200 zuwa 50 kuwa, kashi ɗaya cikin 16 ya rage mata. Saboda haka fiffike ba ya fid da kowa kunya a nan.

Makanikai sukan koma ƙarƙashin mota. Akwai sandar ƙarfe da ta haɗa tayoyin gaba biyu don hana mota kishingiɗa a kwana. In ta cika tauri, sai nauyi ya taru a kan tayar waje, ta ciki ta yi sakayau, riƙon ƙasa ya ragu. Akan sassauta ta, wani lokaci har da sifirin na gaba. Sa'an nan a mai da wani kaso na ƙarfin birki baya, domin taya ba ta iya cikakken birki da cikakkiyar juyawa a lokaci guda. Na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya ita ma akan saki ɗaurinta, don in ta matse su suka yi gudu ɗaya, sai su tura mota gaba sak. A Monako har sitiyarin kansa akan gyara don ya ƙara murɗuwa.

Sai dai kowane gyara da kuɗinsa. In aka zarce, bayan mota ne zai fizge wajen taka birki, ga shi kuwa shingen ƙarfe yana dab da titi. In kuma aka bar ta yadda take, direban da ke asarar kashi biyu cikin goma na daƙiƙa a wannan kwana kaɗai, kafin ya gama zagaye 78 na tseren ya zubar da daƙiƙa 15 da 'yan kai, a titin da wuce abokin takara yake da wuya ƙwarai.