Littafi da Hannu a Sana'ar Gyaran Jirgin Sama

Makanikin injin kwalekwale a bakin ruwan Yawuri da kunne yake gane ciwon inji. Amma mai gyaran jirgin sama, ko a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, ko a sansanin mayaƙan sama na Kainji inda aka girke jiragen Super Tucano a 2021, ba a yarje masa ya ɗaure noti ba sai ya duba littafin kamfani, domin babu gefen hanya a sararin samaniya.

A da, littafin nan na takarda ne. In kamfani ya sauya umarni, akan cire tsohon shafi a sa sabo. Wanda ya yi sakaci kuwa sai ya bi ƙa'idar da aka soke. Na kwamfuta ya rage wannan haɗari, saboda sabon umarni kan iso da sauri.

Sai dai kwamfuta ba ta koya wa ido gane siririyar tsaga a jikin ƙarfe. Wannan sai a gaban gwani, hannu cikin baƙin mai. Shi ya sa ba a bai wa ɗalibi lasisi sai ya daɗe yana aiki ƙarƙashin mai lasisi. Gani, in ji Bahaushe, ya kori ji.