Ɗakunan karatu na jama'a a Najeriya: Wa ke riƙe da ragamarsu, kuma me ya kamata a tambaye shi?

A shekarar 2006 ne gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanin Reynolds Construction Company kwangilar gina hedikwatar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja, kan kuɗi sama da naira biliyan 8. Shekaru sun yi ta shuɗewa, kuɗin aikin yana ta ninkuwa, ginin kuwa bai kammalu ba. A watan Satumban 2025, uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu niyyar yi mata kyautar cika shekara 65 da haihuwa da su zuba kuɗin a asusun ƙarasa ginin, aka kuma sanar da tara fiye da naira biliyan 20. Idan har uwar ɗakunan karatu sai da gudummawar ranar haihuwa za ta samu rufin asiri, ina ga ƙananan da ke jihohi da ƙananan hukumomi?

Rabon alhaki

Mutane da yawa suna ɗauka gwamnatin tarayya ce ke kula da kowane laburare, alhali ba haka tsarin yake ba. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1964 kuma aka faɗaɗa ikonsa a 1970, taska ce ta adana duk abin da aka wallafa a ƙasar. Doka ta wajabta wa mai wallafa mai zaman kansa ya miƙa kofe 3 na kowane littafi, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Shi ne kuma yake bayar da lambar shaidar littafi ta ISBN.

Amma ɗakin da ɗalibi zai shiga ya zauna, ko ya ari littafi ya tafi da shi gida, galibi yana hannun hukumar ɗakunan karatu ta jiha, kamar Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke Kano. Gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar, majalisar dokokin jiha kuma ita ke amincewa da kasafinta. Saboda haka, duk wanda ya tarar da fitilu a mace da littattafai cikin ƙura a laburaren garinsu, ƙorafinsa ya fi kusa da gidan gwamnatin jiharsa fiye da Abuja.

Aikin shugaban ɗakin karatu

Ƙudurin da hukumar UNESCO ta fitar kan ɗakunan karatu na jama'a a 1949, wanda aka sabunta a 1972 da 1994 da 2022, ya tsaya kan ginshiƙai bayyanannu: shiga kyauta, kuɗin gudanarwa daga baitulmali, da ƙofa a buɗe ga kowa ba tare da duba addini ko jinsi ko harshe ba. Najeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani, domin a Ibadan aka gudanar da taron UNESCO na 1953 kan bunƙasa ɗakunan karatu a Afirka.

A aikace, shugabanci nagari yana farawa da sanin su wane ne jama'ar wurin. Ɗakin da ke rufewa da ƙarfe huɗu na yamma ya kori ma'aikaci da ɗan kasuwa tun kafin su iso. Wanda ba shi da littattafan Hausa da na ajami ya juya baya ga ɗimbin makaranta. Wanda ba shi da lantarki da intanet ba zai amfani matashin da ke shirin jarrabawar JAMB ba, wadda a yau da kwamfuta ake rubuta ta. Kenya ta nuna yadda ake bin jama'a inda suke, lokacin da hukumar ɗakunan karatunta ta fara kai wa makiyaya littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa a 1996.

Sai batun ƙwarewa. Tun 1995 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa ma'aikatan laburare rajista, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu wannan ilimi. Idan aka mayar da shugabancin hukuma ladan siyasa, aka ajiye ƙwararru a gefe, sayen littattafai kan koma kwangila, a cika kanta da abin da ba mai karantawa.

Inda matsalar kuɗi take

Kasafi yana da fuska biyu: kuɗin manyan ayyuka da kuɗin gudanarwa na yau da kullum. 'Yan siyasa sun fi son na farko, domin gini ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Na biyun, wato kuɗin jaridu da man janareta da gyaran rufi da sabunta littattafai, shi ne ran ɗakin karatu, kuma shi ake fara zaftarewa. Ban da haka, abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban.

Matasa suna da hanyar bin diddigi. Jihohi da dama suna wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. Ana iya duba nawa aka ware wa hukumar ɗakunan karatu, nawa aka saki, rassa nawa ke aiki a ƙananan hukumomi, da kuma shekarar da aka sayi sababbin littattafai na ƙarshe. Waɗannan tambayoyi huɗu sun isa a ɗora a gaban ɗan majalisar jiha idan ya zo neman ƙuri'a.