Yuraniyom ɗin Nijar da Wajibcin Bin Isnadin Labari

Ya kamata mutanen Wambai da sauran unguwannin Suleja, waɗanda kusancinsu da Abuja ya sa kowace jita-jitar tsaro takan riske su da wuri, su san abin da ya taɓa samun maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, domin a cikinsa akwai izina ga mai hankali.

Kafin yaƙin Iraƙi waɗansu takardu suka faɗa hannun hukumomin leƙen asirin Turai da Amurka, suna da'awar cewa Nijar za ta sayar wa Saddam Husaini tan 500 na yuraniyom, ma'adinin nan na yankin Arlit wanda idan an tace shi matuƙa ake haɗa bam na nukiliya da shi. Ko da yake tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson ya je Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce da wuya cinikin ya auku, duk da haka Shugaba Bush na Amurka ya ambaci cewa Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka a jawabinsa na Janairun 2003, ya jingina maganar ga Ingila. A watan Maris shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Muhammad al-Baradi'i, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Abin ta'ajibi, ɗaya daga ciki tana ɗauke da sunan ministan da ya sauka fiye da shekaru goma kafin ranar da aka rubuta a kanta. Ba a cika mako biyu ba aka afka wa Bagadaza.

Sai bayan jini ya kwarara hukumomi suka zauna tahƙiƙi. Kwamitin Lord Butler na Ingila, a Yulin 2004, ya gano an bayyana zato a matsayin yaƙini, an kuwa dogara da majiyoyi masu rauni, ko da yake a batun Nijar ya wanke gwamnatinsa, hukuncin da ni dai bai gamsar da ni ba. Na Amurka, a 2005, ya ce kusan dukkan hasashen da aka yi kan makaman ƙare dangi na Iraƙi kuskure ne. Makaman kuwa ba a same su ba.

Babbar illar ita ce labari guda ya zaga ta bakuna uku, sai a ɗauke shi mutawatiri, alhali asalinsa mutum ɗaya ne wanda malaman hadisi ba za su karɓi ruwayarsa ba. Saboda haka duk wanda saƙon WhatsApp ya zo masa cewa an zuba guba a ruwa ko an shigo da mugun sinadari kasuwa, kada ya tura. Ya tambayi wanda ya gani da ido, sa'an nan ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda.