Bishiyar Kirsimeti ta Gaske ko ta Roba: Wacce Ta Fi Dacewa a Saya?

Da zarar watan Disamba ya kama, hotunan bishiyoyi masu walƙiya sukan cika Instagram da TikTok, haka ma ƙofofin otal-otal da manyan kantuna da majami'u a Jos, Kaduna da Abuja. A hoto duk kamarsu ɗaya, amma iri biyu ne. Akwai wadda aka shuka a gona aka sare, akwai kuma wadda aka ƙera a masana'anta da roba da ƙarfe. A Turai da Amurka, duk shekara sai an tafka muhawara kan wacce ta fi araha, wacce ta fi hatsarin gobara, wacce kuma ta fi cutar da muhalli.

Amsar ba ta da wuya idan aka kalli bishiyar yadda ake kallon wayar hannu a lokacin saye. Farashin ranar farko ba shi ne komai ba. Abin dubawa shi ne shekara nawa za ta yi tana aiki, da kuma inda za ta ƙare bayan an gama da ita.

Daga ina abin ya samo asali?

Al'adar ƙawata bishiya a cikin gida ta fito ne daga Jamus tun ƙarni na 16. Ta bazu a Ingila bayan 1848, lokacin da wata jarida ta Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiyarsu. A wancan zamani kyandir ake kunnawa a jikin rassa, shi ya sa gobara ta zama ruwan dare. A 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya ɗaura ƙwayayen lantarki 80 masu launin ja da fari da shuɗi a bishiyar gidansa a New York. Daga nan lantarki ya fara maye gurbin kyandir.

Ita ma bishiyar da ba ta gaske ba Jamusawa ne suka fara yin ta, a ƙarni na 19, da gashin dinya da aka rina kore. A ƙarshen shekarun 1950 Amurkawa suka yi yayin ta alminiyom mai ƙyalli, kafin roba ta zo ta mamaye kasuwa.

Yadda ake samar da kowacce

Bishiyar gaske da ake sayarwa a yau yawanci ba daga daji ake saro ta ba. Noma ta ake yi kamar kowane amfanin gona, sai dai takan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin ta kai tsawon mita biyu. A Turai an fi son nau'in Nordmann, wanda Denmak ta shahara wajen nomansa, ko da yake akasarin irin da ake shukawa daga tsaunukan ƙasar Jojiya ake tattaro shi. A Amurka kuwa jihohin Oregon da North Carolina ne kan gaba, kuma nau'in Fraser na cikin waɗanda aka fi nema. Duk waɗannan itatuwan ƙasashen sanyi ne.

Ta roba kuwa akasarinta daga Chaina take fitowa, kuma birnin Yiwu da ke lardin Zhejiang shi ne babbar kasuwar kayan Kirsimeti ta duniya. Ganyenta iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana hana a yi wa mutum sakiyar da ba ruwa a kasuwa.

Na farko shi ne PVC. Ana yanka falle-fallen roba sirara-sirara, a murɗe su a jikin ƙarfe siriri, su fito kamar burushin wanke kwalba. Yana da araha, yana cika ido daga nesa, amma da an matso kusa za a ga ganyen a baje yake kamar takarda.

Na biyu shi ne PE. A nan narkakkiyar roba ake zubawa a cikin mazubin da aka kwaikwayo daga reshen bishiya na gaske, don haka ganyen yakan fito da kauri da siffa irin ta ainihi. Ya fi tsada, ya kuma fi jure ajiya. Kamfanoni da yawa suna haɗa biyun: PE a bakin rassa inda ido ke gani, PVC a ciki don cike gurbi. Idan mai sayarwa a intanet ya rubuta cewa bishiyarsa PE ce, yana da kyau a nemi hoton da aka ɗauka kurkusa, a kuma tambayi kashi nawa ne PE ɗin.

Lissafin muhalli

Mutane da dama suna ɗauka cewa sare bishiya ne ɓarna, ta roba kuma ita ce ceton daji. Lissafi bai nuna haka ba. Cibiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa bishiyar roba mai tsawon mita biyu tana jawo fitar da iskar kabon da ta kai kimanin kilo 40, daga ƙera ta har zuwa jigilarta. Ta gaske mai wannan tsawon, idan aka daddatsa ta don yin taki ko aka ƙona ta bayan biki, kimanin kilo 3.5 ne kawai. Amma idan aka jefa ta a juji aka binne, adadin yakan kai kilo 16, domin ruɓewarta ba tare da iska ba tana fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon ɗumama duniya.

Sai a raba. Kilo 40 a raba da 3.5 ya ba da 11 da 'yan kai. Wato ta roba sai ta yi shekara goma ko fiye tana aiki kafin ta yi kunnen doki da sayen ta gaske duk shekara. Idan kuwa a juji ake zubar da ta gasken, shekara uku ma sun isa ta roba ta wuce gaba. Wani bincike da kamfanin Ellipsos ya yi a Montreal ta Kanada a 2009 ya kai adadin har shekara 20. Alƙaluman sun bambanta saboda nisan jigila da yadda ake zubarwa, amma duk wuri ɗaya suka nufa: bishiyar roba da aka yar bayan shekara biyu ita ce mafi muni a cikin duka zaɓin. Ba a iya sake sarrafa ta cikin sauƙi, tunda roba da ƙarfe a murɗe suke wuri ɗaya, kuma ƙona PVC yana fitar da hayaƙi mai guba.

Haka lissafin kuɗi yake. A ɗauka mutum ya sayi mai araha a naira 25,000 ta yi shekara biyu ganye ya zube, ƙafa ta karye. Kowace shekara ta ci masa 12,500. Wani ya sayi mai inganci a naira 60,000 ta yi shekara goma, tasa 6,000 ce a shekara. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Gobara da kulawa

Bishiyar gaske tana da ƙamshin da roba ba za ta taɓa bayarwa ba, amma tana buƙatar hidima. Ana datse kimanin santimita biyu daga gindinta kafin a tsayar da ita a mazubin ruwa, saboda ƙaron da ya bushe a wurin sara yana toshe hanyar shan ruwa. A kwanakin farko takan sha kusan lita ɗaya a rana a kan kowane santimita biyu da rabi na kaurin gindi. Mai kaurin santimita 10 ke nan za ta iya shanye lita huɗu. Ko da an kula da ita, mako huɗu zuwa biyar ne iyakarta.

Idan aka bar ta ta bushe, ta zama makamashi. Hukumar NIST ta Amurka ta yi gwaji ta ɗauki bidiyo, inda busasshiyar bishiya ta kama da wuta ta cinye ɗaki cikin ƙasa da minti ɗaya, alhali wadda ake ba ruwa da ƙyar wutar ta kama ta. Ta roba ba ta saurin kamawa haka, sai dai rubutun da ke jikin kwali cewa tana jure wuta ba ya nufin ba ta ƙonewa. A duka biyun, sau da yawa matsalar daga lantarki take farawa: wayar wuta da ta ɓare, soket da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima, ko fitilun da aka bari a kunne aka kwanta barci.

Fitilu: inda fasahar take

Ga mai sha'awar na'urori, a nan zancen ya fi daɗi. Tsofaffin ƙananan ƙwayaye masu zare a ciki suna cin kimanin wat 40 a kowane ɗari, suna kuma yin zafi. LED ɗari kuwa ba su cika wuce wat 7 ba. Bishiya mai ƙwai 300 da ake kunnawa awa shida kullum har kwana 30 za ta ci kusan yunit 22 da tsofaffin ƙwayaye, amma da LED ba za ta wuce yunit 4 ba. Ga mai mita ta kati ko mai dogaro da sola da inbata, wannan bambanci ne da ake ji a aljihu.

Akwai bishiyoyin roba da ke zuwa da fitilu a ɗaure a jikinsu. Suna rage wahala, amma suna da aibi irin na wayar da ba a cire batirinta: fitilun sukan riga bishiyar mutuwa. Da yake a jere ake haɗa ƙwayayen, ɗaya idan ya sami matsala yana iya kashe sashe guda, kuma kwance su daga rassa aiki ne ja. Wanda ke son bishiyarsa ta kai shekara goma gara ya saye ta tsirara, ya sayi fitilu daban.

Sannan akwai fitilu masu basira da ake sarrafawa da manhaja. Na kamfanin Twinkly na Italiya suna amfani da kyamarar waya su gano inda kowane ƙwai yake a jikin bishiya, daga nan mutum ya zana launin da yake so da yatsa a fuskar waya, ya bayyana a rassa nan take. Masu son haɗa abu da hannunsu suna iya samun kwatankwacin haka da kuɗi kaɗan: zaren LED nau'in WS2812B, ƙaramin allon ESP32, da manhajar WLED wadda kyauta ce. Abin lura shi ne yawancin irin waɗannan na'urori da Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai suke haɗuwa, don haka idan sun ƙi kama hotspot, a duba ko a 5GHz yake.

Ga mai saye a Najeriya ko Nijar

A nan yanayi ya riga ya yanke rabin hukunci. Nordmann da Fraser ba sa rayuwa a zafin wannan yanki, kuma Kirsimeti yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke busar da komai. Saren reshe ko bishiya a ajiye a falo a irin wannan lokaci, kusa da wayoyin lantarki, neman fitina ne. Zaɓin gaskiya biyu ne: ta roba, ko bishiya mai rai a cikin tukunya daga wurin masu sayar da furanni. Ta tukunyar ba ta bushewa muddin ana ba ta ruwa, bayan biki a mayar da ita tsakar gida, baɗi a sake shigo da ita.

Wanda ya zaɓi ta roba, ga abubuwan da ya kamata ya duba:

1. Ƙarfin wuta. Lantarkin Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ne, na Amurka kuwa 120. Fitilun da aka yo tsaraba daga Amurka ko aka saya a kayan gwanjo za su ƙone nan take idan ba a rubuta 100–240V a jikin adaftarsu ba.

2. Fitilun USB. Masu aiki da bolt 5 sun fi aminci a gidan da ke da yara, kuma ba ruwansu da ɗauke wuta. Fawa bank mai 10,000mAh zai iya riƙe zaren da ke cin wat 3 na kusan awa goma. Sai dai wasu fawa bank suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, don haka a gwada kafin a biya.

3. Ƙafa da rassa. Ƙafar ƙarfe ta fi ta roba ƙarko. Rassan da ke naɗewa a jikin sanda sun fi waɗanda ake saƙalawa ɗaya bayan ɗaya, domin ba sa ɓacewa.

4. Tsawo. A auna daga ƙasa zuwa silin, a bar aƙalla santimita 30 saboda tauraron sama, a kuma nisanci fanka. Manhajar Measure ta iPhone ko makamantanta a Android za su ba da ƙiyasi, amma tef ɗin awo ya fi tabbas.

5. Ajiya. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gaban roba. A kakkaɓe ta, a sa a jaka mai zif, a ajiye a ɗaki mai inuwa. Cikin silin ƙarƙashin kwano zafi yakan sa ganyen ya ƙandare ya riƙa karyewa.

To wacce za a ɗauka?

Wanda ke zaune a Turai ko Amurka, kusa da gonar bishiya, a garin da hukuma ke kwashe su bayan biki don yin taki, kuma zai iya zuba ruwa kullum, ta gaske ta fi masa. Wanda ke ƙasa mai zafi, ko mai yawan tafiye-tafiye, ko wanda ƙurar itace ke tayar masa da atishawa, ta roba ce tasa, da sharaɗin ya sayi mai inganci sau ɗaya ya riƙe ta shekara goma ko fiye. Wanda kuma yake da tsohuwa a ajiye, babu zaɓin da ya fi ya fito da ita, ya goge ƙura, ya sauya mata fitilu zuwa LED, ya ci gaba da amfani da abarsa.