Faifan da ke kuka a Filinge, da muryoyin da ke cikinsa

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10, duk tsohuwar kwamfutar da ta yi nauyi sai a ce wa'adinta ne ya cika. Maganar ta bazu daga Yamai har Filinge, kuma ba daidai ba ce. Abin da aka daina shi ne aiko da gyaran tsaro, ba wanda ya taɓa saurin na'urar kowa. Amma ga mutane na sayar da ordinata mai rai a farashin gawa.

Wani ɗan ƙanwata yana da rumfar tura waƙoƙi da wa'azi kusa da kasuwa. Na same shi ya yi tagumi, ƙaramar fitilar faifan ajiya ta kafe ba ta ƙiftawa, cikin na'urar na ta ƙas-ƙas-ƙas kamar ɓera ya shiga rumbu. Ya ce, “Kawu, mai gyara ya ce ƙwayar cuta ce, wai in ba ita ba to faifan ne ya mutu.” Muka buɗe Resource Monitor, inda Windows ke nuna wanda ke wahalar da faifai. Ba fim ake rubutawa ba, ba waƙa ba. Ɗan kundi guda ne na manhajar Syncthing, wadda yake daidaita kayan kwamfutocinsa biyu da ita.

Irin waɗannan manhajoji, su BitTorrent da Bram Cohen ya fitar a 2001, ba su da babbar ma'ajiya a tsakiya. Ba ni gishiri in ba ka manda ne: kowace na'ura na bayarwa tana karɓa. Suna yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da hatiminta, don haka dole su riƙe littafin lissafi a cikin cikinsu. Wannan littafi shi ne rumbun bayanan da mai kwamfuta bai ma san da zamansa ba. Ɗauki mai awon hatsi da duk tiyar da ya auna sai ya tashi ya je ɗaki ya rubuta, ya jira tawada ta bushe, kana ya dawo. Haka kundin ke yi don kada ɗaukewar wuta ta ɓata lissafi. Faifai mai juyi 5400 a minti kuwa sau 90 kawai yake zagayawa a daƙiƙa, allurarsa na tsalle nan da can. Wannan tsallen ne kukan.

Ciwon tsoho ne. Masu Freenet sun sha fama da kundinsu db4o har suka tumɓuke shi a 2015. Syncthing kuwa a Agustan 2025 ta bar LevelDB ta koma SQLite, kuma sai ta kwashe tsohon lissafi kaf zuwa sabon littafi, aikin da kan ɗauki sa'o'i a kan tsohon faifai. Yaron nan yana ganin nauyi sai ya kashe na'urar da ƙarfi, gobe aikin ya dawo masa. Muka bar ta ta kwana a kunne ta gama. Muka hana manhajar riga-kafi leƙa kundin a kowane rubutu, muka rage binciken da Syncthing ke yi duk sa'a zuwa sau ɗaya a yini, muka duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo, ƙalau yake. Mai hali ya mayar da kundin kan SSD, ya ƙara RAM, ya samu batirin da zai riƙe na'ura idan kuran ya tafi. Kada dai a goge kundin da fushi, domin manhajar za ta sake karanta kowane fayil daga farko.

Abin da ya hana ni barci ba gyaran ba ne, abin da na gani cikin faifan ne. Tsakanin fina-finan Kano da tafsiri akwai wata jaka da ya sa wa suna “Tsofaffi”: kirarin mafarauta, kiɗan goge na wani biki, da hirar wani dattijo, Allah ya jiƙansa, yana jero sarakunan Kurfai da rijiyoyin Dallol Bosso ɗaya bayan ɗaya. Kwafi biyu ne a duniya, dukansu cikin rumfa ɗaya ta kwano, cikin zafin bazara da ƙura. Kuma saura kaɗan a share ɗaya da sunan magani.

Ƙasar nan ba baƙuwar tarihi ba ce. A yankin Filinge aka fara bautar iskokin Hauka a 1925, zamanin mulkin Faransa, amma duniya ta san ta ne ta fim ɗin Jean Rouch na 1955, wanda a Accra aka ɗauka. Seyni Kountché, da ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan Fandu ne. Garken shanun Azawak na Tukunus an san shi har wajen ƙasa. Ina muryoyin waɗanda suka ga waɗannan abubuwa da idonsu? Wasu na cibiyar CELHTO a Yamai, wadda aka kafa a 1968 don tarihin baka. Da yawa suna cikin kaset da wayoyi da faifan yara irin ɗan ƙanwata.

Kuma dabarar ba-ni-in-ba-ka tamu ce tun kafin a kawo mana intanet mai ƙarfi. Da Bluetooth, waya zuwa waya, waƙoƙin Mdou Moctar suka ratsa Sahara, har Ba'amurke Christopher Kirkley ya tattara irinsu ya fitar a 2011. Syncthing kyauta ce, tana kuma aiki tsakanin na'urorin da ke kan layi ɗaya ko babu intanet. Kwamfuta uku, ɗaya a gidan rediyo, ɗaya a makaranta, ɗaya a ofishin magajin gari, wata ta hannu tana zagaya su duk mako, sun isa su sa kowace murya ta zauna wuri uku.

To me ake jira? Hukumomin Tillaberi da 'yan bokon Kurfai da ke Yamai, kuɗin taron bita guda ɗaya zai sayi SSD uku na kwamfutocin nan da batiransu, ya kuma koya wa matasa biyar karanta Resource Monitor kafin su yanke wa faifai hukunci. Masu gyara su ma su ji tsoron Allah, su tambayi abin da ke ciki kafin su share. Ni dai na kwafe jakar “Tsofaffi” a ƴar sandar ajiya na taho da ita Yamai, kwafi na uku ke nan. Ɗan ƙanwata ya ce akwai wata tsohuwa a Cikal da ta san waƙoƙin daka na da, kuma bana ƙafarta ta fara hana ta fita.