Garin da bai manta da ɗansa makaho ba

A ƙasar Faransa akwai wani tsohon gari sunansa Kufre. Tsakaninsa da Pari, babban birni, wajen kilomita 40 ne. Garin ba shi da girma, amma baƙi suna zuwa daga nesa don su ga abu uku: gida, da mutum-mutumi, da kabari. Duka na mutum guda ne, Luwi Birayi, wanda ya ƙago rubutun makafi.

Na farko shi ne gidan da aka haife shi ran 4 ga Janairu 1809. Ubansa baduku ne, yana ɗinka kayan doki. Luwi yana da shekara 3 ya ɗauki kayan aikin uban yana wasa, sai ya soki idonsa. Ciwo ya kama ɗayan idon. Yana shekara 5 ya makance sarai. Yau gidan ya zama gidan tarihi, ɗakin dukancin yana nan da kayan aikinsa.

Iyayensa ba su bar shi zaune a gida ba. Ya shiga lakkol ta garin tare da yara masu ido. A 1819 aka kai shi lakkol ta makafi a Pari. A can ya tarar da littattafai masu manyan baƙaƙe, karatunsu sai a hankali, kuma makaho ba ya iya rubuta irinsu. Wani tsohon soja, Sharl Barbiye, ya ƙago rubutu mai ɗigo 12. Luwi ya ga ɗigon sun yi wa kan yatsa yawa, sai ya rage su zuwa 6: uku a dama, uku a hagu. Da su ana samun alama 63. Ana huda takarda da tsinke, ɗigo ya taso, yatsa ya shafa ya karanta. Ya kai ga wannan dabara a 1824, yana da shekara 15.

Na biyu shi ne mutum-mutumin da aka kafa masa a dandalin garin a 1887.

Na uku shi ne kabarinsa. Tarin huka ya kashe shi ran 6 ga Janairu 1852, yana da shekara 43. Hukuma ba ta karɓi rubutunsa ba sai 1854. A 1952 gwamnati ta ɗauke ƙasusuwansa zuwa Pari, inda ake ajiye manyan mutanen ƙasar. Mutanen Kufre suka roƙa a bar musu wani abu na ɗansu. Aka bar musu hannuwansa biyu, suna nan cikin ɗan akwati bisa kabarin.

Yanzu makafi suna karatu da wannan rubutu a harsuna da yawa, har da Hausa. Yaron da ido ya mutu masa, bai kamata a yanke ƙauna da karatunsa ba.