Kayan Amarya: Ɗinkin Da Ya Dace Da Kuma Kasuwar Da Za A Nufa

LEGAS — Sanin kowa ne cewa bayan kayan ɗaki, babu abin da ke cin kuɗin iyaye da angwaye a hidimar aure kamar suturar amarya. A birane da dama amarya kan sauya shiga sau huɗu ko biyar, tun daga ranar kamu da sa lalle zuwa walima, liyafar dare da ranar kai ta ɗakinta. Ganin cewa akasarin yadin da ake ɗinka waɗannan kaya daga ƙetare yake zuwa, kuskure kaɗan wajen zaɓe kan jawo hasarar da ba ta da gyara, domin yadin da almakashi ya riga ya shiga ba ya komawa shago.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sayen yadi saboda kyansa, sannan a nemi ɗinkin da zai shiga. Tsarin da ya fi sauƙi ga aljihu shi ne a fara duba ƙirar amarya, a zaɓi ɗinki, tela ya faɗi irin yadi da adadin da ake bukata, daga nan a nufi kasuwa.

Doguwar rigar da ta kama daidai a kafaɗa da ƙugu, sannan ta riƙa buɗewa a hankali zuwa ƙasa, ita ce ta fi karɓar kowane irin jiki, kuma ba ta hana amarya zama ko tafiya. Wadda aka yanka daga ƙarƙashin ƙirji ta sauka a sake, takan rufa wa mai tumbi asiri, tana kuma ƙara wa gajeriya tsawo a ido. Ita kuwa mai kama jiki har gwiwa kafin ta buɗe, ta fi dacewa da doguwar mace, amma tana bukatar tela gwani, kuma takan takura wa mai ita a wajen taro. Mai faffaɗan buje tana cin yadi da shafi masu yawa, kuma takan haɗiye ƙaramar mace har a riƙa ganin riga maimakon amarya.

Haka nan zanen yadi yana da nasa tasiri. Manyan furanni da duwatsu masu yawa kan ƙara wa jiki cika, ƙananan zane da layukan da suka miƙe daga sama zuwa ƙasa kuwa kan rage shi. Tun da yawancin amarenmu suna rufe kai da hannuwa, wajibi ne a zaɓi mayafi da ɗaurin kai tare da rigar a lokaci guda. Gwaggwaro mai tsawo kan taimaki zagayayyiyar fuska, amma mai doguwar fuska ta fi kyau da ɗauri mai faɗi. Sai kuma yanayi: leshi mai nauyi da shafi biyu azaba ne a watannin Maris da Afrilu.

Dangane da farashi, tarihin yadin shi ke bayyana dalilin tsadarsa. Leshi mai daraja yana zuwa ne daga garin Lustenau na ƙasar Ostiriya, wanda ya ƙulla ciniki da 'yan kasuwar Nijeriya tun shekarun 1960, da kuma St. Gallen ta ƙasar Siwizalan. Shaddar Getzner ma daga Ostiriya take. Atamfa 'yar Holan kuwa kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kuma an kafa shi tun 1846. Masu sauƙin kuɗi daga cikin waɗannan kaya akasari daga Sin da Indiya ake shigo da su. A gida, masaƙun Kaduna da suka taɓa tufatar da jama'a sun durƙushe. Rufe masaƙar UNTL a 2007 na daga cikin manyan alamomin wannan koma baya.

Saboda haka farashin kayan amarya yana bin farashin dala ne sau da ƙafa. A watan Maris na 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin ƙetare daga hannun hukuma, kuma sai a watan Oktoba na 2023 aka ɗage wannan takunkumi. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canjawa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Duk wanda ya tsara kasafin biki bisa lissafin wani aure da aka yi kafin wannan lokaci, to, ya yi gini a kan rairayi.

Game da inda za a nufa, kowace kasuwa da abin da ta fi ƙwarewa a kai. Kasuwar Balogun da ke tsibirin Legas ita ce cibiyar leshi, inda 'yan sari daga sassan ƙasar nan da maƙwabta ke ɗaukar kaya. Kantin Kwari a Kano ya yi fice wajen atamfa, shadda da mayafai, kuma nan ne akasarin masu haɗa lefe na Arewa ke zuwa. Kasuwar Wuse ta Abuja tana rage wa mazauna birnin wahalar tafiya, sai dai kuɗin hayar shago kan bayyana a cikin farashi. Mai neman ashoke na asali sai ya nufi Iseyin a Jihar Oyo ko Ilorin, inda masaƙa ke karɓar aiki bisa launin da aka zaɓa. Lafaya kuwa Maiduguri ce gidanta. A Aba ta Jihar Abiya, musamman kasuwar Ariaria, akwai teloli masu ɗinka dogayen riguna a kan farashi mai rangwame.

A duk inda aka je, a tuna cewa atamfa turmi ne na yadi 6, leshi kuwa yadi 5 ake yanka shi, don haka a auna a gaban ido. A duba suna da lambar da ke gefen atamfa, a kuma sani cewa masu jabu su ma suna kwaikwayon wannan tambari. Amintaccen mai shago ya fi kowane tambari. A juya leshi a duba bayansa, domin a nan ake gane aikin zare mai inganci da duwatsun da aka manna da gam. A fita da yadi waje a gan shi a hasken rana, saboda fitilar shago tana sauya launi. Masu saye ta Instagram ko WhatsApp kuma kada su biya cikakken kuɗi kafin su ga kaya.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya yi wa iyalinsa. Farar rigar amarya, wadda Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yayata da aurenta a 1840, sau ɗaya ake sa ta. A ce an kashe naira 500,000 a kanta, to, wannan shi ne kuɗin dare guda. Leshi ko atamfa mai irin wannan farashi da aka yi wa ɗinki mai mutunci, idan aka sa shi sau 20 a bukukuwan suna da sallah, kowace fita ta tashi a kan naira 25,000. Wannan ne ya sa hayar rigar liyafa ta zama sana'a a manyan birane, kuma ƙofa ce ta neman halali ga teloli da masu shagunan kayan mata: riga guda takan mayar da jarinta bayan an ba da ita haya sau kaɗan.

Abu na ƙarshe shi ne tela, wanda aikinsa ke iya ɗaga yadi mai araha ko ya kassara mai tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kai ɗinki aƙalla wata biyu kafin biki, a guji makonnin da ke gab da sallah da watan Disamba, lokacin da aiki ke yi wa teloli yawa. A rubuta farashi, kafin alƙalami da ranar karɓa, a gwada rigar sau biyu da takalmin da za a sa a ranar, a kuma roƙi tela ya bar rarar yadi a cikin ɗinki don gyara. Iyalin da suka bi wannan tsari za su fitar da amaryarsu cikin mutunci, ba tare da sabon aure ya fara da biyan bashi ba.